Daga Burus Li Zuwa Doni Yen: Abin Da Muka Gani Daga Jahun

A watan Maris na 2023 aka saki kashi na huɗu na John Wick, fim ɗin harbe-harbe da doke-doke na Amurka. Keanu Reeves ne mai fim, amma wanda aka tashi da hirarsa wani makaho ne mai sanda, cikin kwat da baƙin tabarau, ana ce masa Caine. Doni Yen ne, tsohon hannu a finafinan Hon Kon, yana da shekara 59 a lokacin. Ya shaida wa 'yan jarida cewa sa'ad da aka kawo masa labarin, sunan da aka raɗa masa irin wanda Turawa ke liƙa wa kowane mutumin Sin ne, rigar kuma mai tsayayyen wuya ce irin ta zamanin kakanni. Ya ce shi bai ga dalili ba, tunda sauran 'yan fim ɗin kowa da kwat ɗinsa. Aka sauya suna, aka sauya riga. Samarin da suka kalli fim ɗin a wayoyinsu a Jahun ba su ga abin magana a nan ba. Mu kuwa da muka soma kallo tun zamanin kaset mun san an haura shekara hamsin ana fama kafin ɗan kunfu ya iya buɗe baki a Holiwud ya ce a'a, a kuma bi abin da ya ce.

Da kunne muka fara kallon waɗannan mutane. Kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, Kano ce babban birninmu, can kuma yayyenmu ke tafiya cin rani da zarar an gama kai amfanin gona gida. A can akwai Plaza da Orion da Eldorado da Marhaba, gidajen sinima masu raba dararen mako tsakanin fim ɗin Indiya da na Amurka da na Chanis. Idan damina ta ƙarato suka dawo, tsarabar da ta fi daɗewa ba ta ƙare ba ita ce labarin Burus Li. A dandali mutum zai tuɓe riga, ya goge hanci da babban yatsa, ya saki wata siririyar ƙara, ya nuna yadda ɗan tsurut ɗin mutum ya watsa ƙarti cike da fili. Haka muka haddace finafinan da ba mu taɓa sa wa ido ba.

Daga baya bidiyo ya iso, gidajen kallo suka buɗe a Jahun da sauran garuruwa masu kasuwa: rumfar zana ko ta langa-langa, bencina, talabijin a kan dogon tebur, janareto yana ruri a baya, allo a bakin ƙofa an rubuta sunan fim da alli. Daga Ƙofar Wambai ta Kano ake saro kaset, wani an kwafa an sake kwafa har fuskoki sun dushe. Babu mai jin Sinanci, masu jin Turancin ma ba su taka kara sun karya ba, amma hakan bai hana kowa fahimta ba. Kowane fim gida huɗu gare shi a wurinmu: akta, bos, yaran bos, da masta. Minti goma ya isa a raba wa kowa matsayinsa, abin da ya rage kuma musu ne daga wannan benci zuwa wancan. Washegari masu gyaran keke su sha roƙon tsohuwar sarƙa, a haɗa ta da guntayen itace biyu a yi makamin Burus Li, iyaye mata kuma su sha gasa ƙulu a goshin 'ya'yansu.

Me ya sa fim ɗin Chanis ya zauna mana haka, alhali ba mu haɗa harshe ko addini ko cima da masu yin sa ba? A ganina, saboda rabinsa koyo ne. A The 36th Chamber of Shaolin na 1978, Gordon Liu ya shafe tsakiyar fim ɗin yana bi ɗaki-ɗaki a makarantar Shawolin: nan ɗibar ruwa da bokiti biyu an ɗaura masa wuƙaƙe a damatsa don kada ya sauke hannu, can buga ƙararrawa da guduma mai doguwar ƙota har wuyan hannu ya kumbura. A Snake in the Eagle's Shadow na wannan shekarar, Jaki Chan maraya ne mai shara da wanke-wanke, wanda wani tsoho mai kama da mabaraci ya koya wa salon maciji. Yaron da ya tashi a garin da almajiri ke yi wa malaminsa noma da itace kafin a ƙara masa karatu ba ya neman tafinta a nan. Ya san ilimi da hidima yake zuwa, ya kuma san tsohon da aka raina a bakin hanya yana iya zama shi ne mai abin.

Ga shi kuma idonmu ya riga ya sha horo a filin dambe. Bayan kaka mahauta kan kafa fili, kalangu ya ɗauka, a ɗaure zare a hannu, turmi uku ko a yi kisa ko a tashi babu kisa. A wurin nan babu mai shiga a madadin wani. Ɗan dambe da sunan maigidansa ake kiransa, shagon wane, shi ma ɗan kunfu sai ya ambaci mastansa da makarantarsa kafin ya kai hannu. Wanda ya saba ganin yadda ƙafa ke kafuwa kafin naushi ya fita yana gane dukan gaskiya ko a talabijin ne. Masu shirya fim a Hon Kon sun san da irin waɗannan 'yan kallo. Sukan ja kyamara baya, su bar mutum biyu a cikin hoto tun daga kai har ƙafa, a yi ta musayar hannu ba a yanke ba.

Labarin bayan fage ne bai zo mana cikin kaset ba. An haifi Burus Li a San Francisco a 1940, ya tashi a Hon Kon, ya koyi salon Wing Chun a hannun Ip Man, ya koma Amurka yana ɗan shekara 18. A 1966 ya samu shiga shirin talabijin The Green Hornet, amma a matsayin Kato, direban jarumi, rabin fuska a rufe. Duk wanda ya kalla ya san wa ke yin aikin, sunan wani ne dai a sama. Da aka tashi yin shirin Kung Fu a 1972, labarin ɗan Shawolin mai yawo a Amurka, Bature aka ba, David Carradine. Kafin nan Burus Li ya tattara ya koma gida. Kamfanin Golden Harvest ya yi The Big Boss da shi a 1971, labarin lebura a masana'antar ƙanƙara a Tailan, sai Fist of Fury da The Way of the Dragon a 1972, kowanne ya shafe tarihin cinikin na gabansa a Hon Kon. Sai a sannan Warner Bros ta biyo shi har gida da Enter the Dragon, sunansa a kan gaba. Ya rasu ranar 20 ga Yuli 1973 yana da shekara 32, bai ga fitowar fim ɗin ba. Bayansa ƙofar ta sake rufuwa. Cak Noris, wanda Burus Li ya kayar a birnin Rum, ya zama akta a Missing in Action da The Delta Force. Van Dam, ɗan Beljiyam, ya zama akta a Bloodsport na 1988. Shi kuwa Bolo Yeung, mai faffaɗan ƙirjin nan, bos ya shiga, bos ya fita.

Jaki Chan, wanda ke cikin yaran bos da Burus Li ya karya a Enter the Dragon, hanyar nan ya sake bi. Shekara goma ya yi a makarantar wasan gargajiya ta Yu Jim-yuen tun yana ƙaramin yaro, tashin asuba da bulala. Ya gwada Amurka da The Big Brawl a 1980, bai karɓu ba. Ya sake gwadawa da The Protector a 1985, aka mai da shi ɗan sanda mai ɗaure fuska da ashar, abin da ba ɗabi'arsa ba. Da wannan haushin ya koma Hon Kon ya shirya Police Story a shekarar, inda ya sulalo daga saman bene ta jikin ƙarfe mai zagaye da fitilu har ya ƙone tafin hannu. A ƙarshen finafinansa yakan nuna inda ya faɗi da inda aka kwashe shi ranga-ranga, mu kuma ba ma barin benci sai an gama nuna wannan. Sai da Rumble in the Bronx, fim ɗin Hon Kon, ya zo na ɗaya a cinikin Amurka a makon fitowarsa a 1996, sannan aka kira shi Rush Hour a 1998, aka haɗa shi da Chris Tucker sarkin surutu. Fim ɗin ya tara fiye da dala miliyan 240, amma Jaki da bakinsa ya sha faɗin cewa faɗan da ke ciki bai gamsar da shi ba.

A wannan shekara ta 1998 aka yi abin da ya fi tsaya mana a rai. Jet Li, zakaran wushu na ƙasar Sin tun yana yaro, wanda ya yi wasa a gaban Shugaba Nixon a 1974, jarumin Shaolin Temple na 1982 da Once Upon a Time in China na 1991, ya shiga Lethal Weapon 4. Bos aka ba shi, abin da bai taɓa fitowa a kai ba. Maganarsa a fim ɗin da yatsu ake ƙirga ta. Ya kwance bindigar da aka auna shi da ita kafin mai ita ya ƙifta ido, amma a ƙarshe Mel Gibson da Danny Glover, waɗanda fim ɗin kansa ke ta yi wa ba'ar tsufa, suka yi masa taron dangi suka kashe shi a bakin ruwa. Da kaset ɗin ya iso, musun da aka yi a rumfa ya fi fim ɗin tsawo. Dokar gidan kallo ta ce akta ba ya mutuwa, ido kuma ya ce wanda aka kashe ya fi waɗanda suka kashe shi nesa ba kusa ba. Daga nan da yawa cikinmu suka gane cewa mai rubuta labari ya fi mai naushi ƙarfi.

An ba Jet Li akta a Romeo Must Die na 2000 tare da mawaƙiya Aaliyah, amma sai aka rataye shi da igiyoyi, aka cika faɗan da aikin kwamfuta, har da hoton ƙashi yana karyewa a cikin jiki. Dalilan Holiwud ba ɓoyayyu ba ne. Kamfanonin inshora ba sa yarda jarumi mai tsada ya yi kasada da jikinsa. Faɗan da za a ba makonni a Hon Kon, kwanaki ake ba shi a Amurka, domin kowace rana dukiya take ci. Uwa uba, dole Baturen da bai iya ba ya fito tamkar ya iya. Maganin wannan shi ne a matso da kyamara, a girgiza ta, a daddatsa hoton. Finafinan Bourne ne suka yaɗa salon, abin ya kai a Taken 3 na 2014 an datsa hoton Liam Neeson fiye da sau goma don kawai ya tsallake shinge. Idan aka daddatsa haka, gwani da ɗan koyo duk ɗaya suke fitowa. Ɗauko irin su Jet Li a yi musu wannan kamar a sayi ingarma ne a ɗaure a turke ana nuna wa baƙi. Haka aka yi wa na bayansa. Tony Jaa, ɗan Tailan da ya girgiza duniya da gwiwa da gwiwar hannu a Ong-Bak na 2003, yaron bos ne a Furious 7 na 2015. Iko Uwais na Indunusiya, jarumin The Raid na 2011, an sa shi a Star Wars a 2015 bai kai wa kowa hannu ba.

Jet Li dai akwai inda ya ja birki. Ya bayyana a wata hira a 2018 cewa an neme shi a ci gaban The Matrix, amma da sharaɗin zai yi watanni ana naɗar kowane motsinsa a kwamfuta, haƙƙin mallaka kuma ya zama na kamfani. Ya hango ranar da zai tsufa, wasu kuma suna ci gaba da cin moriyar abin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyo, sai ya ƙi. A lokacin ba a fara zancen ƙirƙirarriyar basira a bakin kowa ba. A 2023 'yan wasan Holiwud sun yi yajin aiki na kusan wata huɗu, mallakar surar ɗan wasa a kwamfuta kuma na cikin manyan abubuwan da suka fita a kai.

To, me ya sauya har Doni Yen ya samu bakin magana? Tausayi bai shigo cikin lissafin ba. Da farko kasuwa ce: a 2012 ƙasar Sin ta zama ta biyu a duniya wajen cinikin tikitin sinima, a 2020 ta zarce Arewacin Amurka. Wanda ke neman kuɗin mutane ba ya wulaƙanta ɗansu. Da kuɗin Sin a ciki aka yi The Foreigner na 2017, inda Jaki Chan, yana da shekara 63, ya fito a matsayin uba mai gidan abinci a Landan da ke farautar waɗanda suka kashe masa 'ya, Pierce Brosnan kuma ya zama abin farautar. Na biyu, sunan da mutum ya gina a gida: tun daga 2008 zuwa 2019 Doni Yen ya yi kashi huɗu na Ip Man, labarin malamin Burus Li, saboda haka da cikarsa ya je Amurka, ba neman a san shi ya kai shi ba. Na uku, 'yan kasadar da ke shiga wuraren haɗari a madadin jarumai sun hau kujerar darakta. Chad Stahelski, mai John Wick, a makarantar Dan Inosanto ya yi horo, shi kuma Inosanto almajirin Burus Li ne. Stahelski ne ya tsaya a madadin Brandon Lee, ɗan Burus Li, aka ƙarasa The Crow bayan rasuwarsa a wurin ɗaukar fim ɗin a 1993, shi ne kuma ya tsaya wa Keanu Reeves a The Matrix na 1999, inda Yuen Woo-ping, daraktan Snake in the Eagle's Shadow, ya tsara faɗan. Da ya samu iko sai ya mai da kyamara baya. A ƙarshen John Wick na huɗu, bayan fito-na-fito a birnin Faris, Caine ne ya tafi da ƙafarsa. A watan Maris ɗin 2023 ne kuma Michelle Yeoh, wadda ta fara da finafinan faɗa na Hon Kon, ta zama mace ta farko 'yar Asiya da ta ci kyautar Oscar ta babbar jaruma.

Mu ma a nan ba mu tsaya inda muke ba. Ƙwallon Turai ta ƙwace gidajen kallo, allon da ake rubuta Jet Li yanzu Arsenal da Chelsea ke kai. Wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001, kaset ya ba faifai wuri, faifai ya ba memori, masu tura fim a waya suka buɗe shaguna a bakin kasuwa da tasha. Masu fassara irin su Algaita a Kano sun sa baƙin jarumai magana da Hausa, matan da ba su taɓa taka rumfar kallo ba yanzu suna bin labari daga ɗakunansu. Wannan ci gaba ne, babu musu. Abin da aka rasa shi ne rabin nan na koyo. Yaro a yau guntun bidiyo yake gani a TikTok, daga naushin farko zuwa faɗuwar bos, an cire ɗibar ruwa, an cire shara, an cire tsohon da ake durƙusa wa. Ya ga sakamakon, bai ga shekarun da suka haife shi ba.

Wayar da ta kawo mana nasu ita ce kuma ta fitar da namu. Tun 2017 shafin Dambe Warriors ke sa damben Hausa a YouTube, miliyoyi suna kallo daga ƙasashen da ba su taɓa jin kalangu ba. Kamaru Usman, haifaffen Auchi da ya zama zakaran UFC a 2019, ya leƙa Black Panther: Wakanda Forever na 2022 a wani ɗan ƙaramin matsayi. Ba abin mamaki ba ne wata rana mai shirya fim daga waje ya sauka a gidan damben Kano ko na Dei-Dei yana neman dogon saurayi mai tsage da ɗaurarren hannu. Wanda ya bi tarihin nan ya san matsayin da za a miƙa masa: minti biyu, babu magana, a kayar da shi a wuce. Ba wanda ya tsallake wannan sai wanda ya riga ya zama akta a gidansu. Burus Li sai da ya koma gida, Jaki Chan sai da ya koma gida, Doni Yen daga gida ya taho da nauyinsa.

Finafinan Hausa sun haura shekara talatin tun daga Turmin Danya na 1990. Sun ɗauki darasin Indiya na soyayya da waƙa sun riƙe da kyau, darasin Hon Kon ne aka bari a ƙasa: a ɗauki abin da jikin mutanenka ya iya, a gina masa labari, a ɗauke shi yadda ido zai gaskata. Ga Shago, wanda Ɗan Anace ya sa sunansa ya zaga ƙasar Hausa. Ga yaron mahauta da ke barin Jahun bayan kaka yana bin filaye gari-gari, da maigidansa, da makaɗinsa, da uwar da ba ta so, da ranar da aka fara kai shi ƙasa. Fim ɗin Mai Martaba, da aka ɗauka a Daura, har Nijeriya ta tura shi gasar Oscar a 2024, ya nuna akwai masu iya babban aiki.

Kirana biyu ne. Furodusoshinmu su je filin dambe da marubuci, su ɗauki 'yan damben gaske, su ba su suna da baki da tarihi, su bar kyamara ta nuna su tun daga kai har ƙafa. Shugabannin dambe kuma, na Kudu da Arewa da Guramaɗa, kada su bar yaro ya sa hannu a takardar da ba a karanta masa da Hausa ba. A tambayi nawa za a biya, a kuma tambayi wa zai mallaki hoton bayan shekara ashirin.